Kafin mu kori zazzabin cizon sauro daga Gombe, sai mun san gidajen da yake kwana



A daminar bara 'yar maƙwabcina, yarinya mai shekara uku, ta kwanta da zazzabi. Ubanta ya yi abin da kusan kowannenmu yake yi, ya ɗauke ta zuwa kemis ɗin bakin layi, aka yi mata allura, aka haɗa masa da ruwan magani. Jiki ya yi sanyi kwana biyu, zazzabi ya dawo. Ya canza kemis, can kuma aka ce ai maleriya ce da taifot, aka ƙara wasu magungunan. Duk wannan zirga-zirgar babu wanda ya ɗiga jinin yatsarta ya gwada. A mako na uku idanunta suka yi fari fat, cikin dare ta fara jijjiga, muka nemi mai keke da ƙyar muka nufi asibiti. Sai da aka yi mata ƙarin jini. Allah cikin ikonsa ya tashi kafaɗunta, yanzu haka tana nan tana tsalle-tsallenta a ƙofar gida.

Bayan hankali ya kwanta ne wani tunani ya zo mini. A littafin hukuma, yarinyar nan sau ɗaya ta yi rashin lafiya, wato daren da muka kai ta asibiti. Makonnin da ta yi tana fama babu inda aka rubuta su. Yayyenta biyu da suka yi nasu zazzabin a wannan watan aka sayo musu magani suka sha a gida, su ma ba su shiga lissafin kowa ba. Haka kusan kowane gida a layinmu. To idan haka ne, wanda yake zaune a ofis yana tsara yadda za a yaƙi wannan cuta a Gombe, da wane ido yake ganin unguwarmu?

Ra'ayina shi ne, duk maganar da ake yi ta kawar da zazzabin cizon sauro za ta ci gaba da zama ta fatar baki muddin ba mu iya cewa ga gunduma kaza, ga unguwa kaza, ga watan da cutar ta fi tsanani a cikinta ba. Kuma wannan aikin ƙidaya bai fi ƙarfin ƙungiya irin tamu ta sa hannu a cikinsa ba.

Bari mu fara da abin da aka riga aka ƙidaya. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa a shekarar 2023 an samu masu zazzabin cizon sauro kimanin miliyan 263 a duniya, mutum kusan 597,000 suka rasu. Najeriya kaɗai ta ɗauki fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na masu cutar, da kusan kashi ɗaya cikin uku na mamatan, mafi yawansu yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Babu ƙasar da ta kai mu. Duk da haka an ɗan samu sauƙi, kada mu yi wa masu aiki butulci. Binciken da ake yi gida-gida ana gwada jinin ƙananan yara ya nuna kashi 42 cikin ɗari na ɗauke da ƙwayar cutar a 2010, ya sauko zuwa kashi 27 a 2015, sannan kashi 22 a 2021. Burin da gwamnatin tarayya ta sa wa kanta shi ne a sauko ƙasa da kashi 10 zuwa 2025.

Amma abin da ya fi jan hankalina a binciken na 2021 shi ne tazarar da ke tsakanin jihohi. A Kebbi kashi 49 ne, kusan rabin yaran da aka gwada ke nan. A Legas bai kai kashi 3 ba. Ƙasa ɗaya, shekara ɗaya. Wanda ya riƙe kashi 22 ya ce shi ne halin da Najeriya ke ciki, bai faɗi halin Kebbi ba, bai kuma faɗi na Legas ba. Irin wannan tazarar ce nake da yaƙinin tana nan a cikin jiharmu ma. Muna da ƙananan hukumomi 11 da gundumomi 114. Mutumin Dadin Kowa da ke kwana kusa da madatsar ruwa da gonakin noman rani, inda ruwa ba ya yankewa duk shekara, ba halinsa ɗaya da na mutumin Dukku ba. Ƙauyukan bakin kogin Gongola a Nafada da Funakaye daban, tsaunukan Kaltungo da Tula daban. Ko a cikin garin Gombe, gidan da ke bakin kwari a Pantami ko Bolari ba ɗaya yake da gidan da ke kan tudu mai tagogi da raga ba. Idan aka raba gidan sauro da magani da ma'aikata daidai wa daida a kan waɗannan wurare, a takarda an yi adalci, amma a zahiri wani ya samu fiye da buƙatarsa, wani kuma an bar shi da sauro.

Yadda ake tattara lissafin a yanzu, a taƙaice, haka yake. Ma'aikacin ƙaramin asibitin gunduma yana rubuta duk wanda ya zo a rajista: an gwada shi ko ba a gwada ba, gwajin ya nuna cutar ko bai nuna ba, wane magani aka ba shi. Ƙarshen wata a haɗa jimla a kai ƙaramar hukuma, jami'i ya shigar a manhajar kwamfuta da ake kira DHIS2, daga nan jiha da hukumar yaƙi da cutar ta ƙasa a Abuja su gani. Da waɗannan alƙaluma ake yanke shawarar yawan magani da kayan gwajin da za a turo. Tsarin ba shi da laifi. Matsalar ita ce ƙofa ɗaya yake gadi, alhali gidan ƙofofinsa da yawa. Kemis ba ya cikin lissafin, masu tallan magani a kasuwa ba sa ciki, asibitoci masu zaman kansu da dama ba sa aika nasu, wanda ya jiƙa sassaƙe ya sha a gida kuwa ba a ma maganarsa.

Akwai kuma kuskure ta ɗaya gefen, wanda mu da kanmu muke jawowa. A wurinmu duk zafin jiki maleriya ne. Yaro na da ciwon kunne, ko ciwon huhu, ko ƙyanda na shirin fitowa, sai a ce maleriya, a ɗura masa maganinta. An yi asarar kuɗi, an ɓata lokaci, ainihin ciwon kuma yana ci gaba da cin yaron. Ga shi gwajin gaggawa bai wuce ɗigon jini ɗaya da jiran minti goma sha biyar zuwa ashirin ba. Na sha jin mutane suna cewa, "Ni na san jikina, ba sai an gwada ni ba." Wataƙila ka san jikinka, amma jikin jaririn da bai iya magana ba fa? Na kuma ga wanda aka gwada, gwaji ya nuna babu, ya fita yana faɗa wai ma'aikaciyar ba ta san aikinta ba, ya wuce kemis ya sayi abin da ransa ke so. Mun riga mun ga ƙarshen irin wannan shan magani barkatai. Kulorokwin da iyayenmu suka dogara da shi ya daina aiki, har gwamnati ta sauya shi da magungunan da ake sha yanzu tun wajen 2005. Idan waɗannan ma muka lalata su da shan rabi a ajiye rabi, sai mu koma ina? Maganin da aka fi bayarwa sau shida ake shan sa cikin kwana uku, ko da jiki ya yi daɗi tun rana ta farko.

Wani zai ce kawar da wannan cuta mafarki ne. Ba mafarki ba ne, domin an yi a wasu wurare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar wa Aljeriya ta rabu da ita a 2019, Cabo Verde a watan Janairun 2024, Masar a watan Oktoban 2024. Sharaɗin shi ne ƙasa ta shekara uku a jere ba a samu ko mutum ɗaya da ya kamu a cikin gida ba, kuma ta nuna tana da idon da za ta gani in cutar ta dawo. Ƙasar Sin, wadda a shekarun 1940 take samun masu cutar kimanin miliyan 30 a shekara, ta samu tata shaidar a 2021. Dabarar da suka yi amfani da ita a ƙarshen yaƙin suna kiranta 1-3-7: a kai rahoton duk wanda ya kamu cikin kwana ɗaya, a binciki inda ya samo ta cikin kwana uku, a ɗauki mataki a unguwarsa cikin kwana bakwai. Gaskiya mu ba mu kai nan ba. Ba za a iya bin kowane mai zazzabi gida ba a garin da asibiti ke cika maƙil a watan Satumba. Wannan dabara ta masu 'yan tsirarun marasa lafiya ce. Amma ruhin abin ya shafe mu, wato labari ya isa kunnen mai ɗaukar mataki tun yana da amfani. Lissafin da zai fito bayan damina ta wuce, sai dai a yi jawabi da shi ranar 25 ga Afrilu.

Mu 'yan Arewa muna da namu darasin ma, wanda da yawanmu ba su taɓa ji ba. Daga 1969 zuwa 1976, Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun yi wani babban aiki a ƙasar Garki, wadda a lokacin take jihar Kano, yanzu kuma Jigawa. An yi feshi a ɗakuna, an raba magani ga jama'ar ƙauyuka baki ɗaya, an riƙa gwada jini ana rubutawa. Cutar ta yi ƙasa sosai, amma ba ta yanke ba, kuma da aka janye aikin sai ta koma gidan jiya. Har yau masana na duniya suna komawa ga alƙaluman Garki. Abin da na ɗauka daga ciki shi ne, a irin ƙasarmu ta savana aikin shekara biyu ko uku da baƙi za su zo su yi su tafi ba ya kashe wannan wuta. Sai masu gida sun riƙe abin da kansu shekara da shekaru.

Yanzu ga abin da ya sa na ga bai kamata mu 'yan Gombe mu yi shiru ba. Akwai wani nau'in sauro da masana ke kira Anopheles stephensi, asalinsa daga kudancin Asiya da yankin Larabawa. An fara ganinsa a Afirka a Jibuti a 2012. A shekarar nan Jibuti na dab da rabuwa da cutar, mutum 27 kacal aka samu. Zuwa 2020 adadin ya haura 73,000. Daga nan aka gan shi a Habasha da Sudan da Somaliya. A Najeriya kuwa, wurin da aka fara gano shi, a samfurin da aka tattara a 2020, jiharmu ce ta Gombe.

Bambancinsa da sauron da muka saba da shi ya kamata kowane magidanci ya sani. Sauron maleriya na gargajiya ya fi son ruwan sama da ya kwanta a fili rana na dukansa: sawun tayar mota, sawun kofaton shanu, ramin da aka haƙa aka yi bulo, kududdufi. Shi ya sa cutar take tashi da damina ta lafa da rani. Baƙon nan kuwa ɗan birni ne. A tankin ruwa yake ƙwai, da duro, da rijiyar siminti da magina ke tara ruwa a wurin gini, da duk wani mazubi da aka bari a buɗe. Ku dubi garinmu. Unguwa nawa ce ruwan famfo ke zuwa kullum? Kowa tara ruwa yake yi, daga mai tanki a saman bene har mai duro biyu a tsakar gida da ke saye wurin 'yan garuwa. Ga gine-gine ko'ina daga Tumfure har hanyar Bauchi, kowanne da ramin ruwansa. Idan wannan sauro ya samu wurin zama a cikin gari, hutun da muke samu da rani zai iya ƙarewa. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana goma ne ko ƙasa da haka idan ana zafi, don haka duron da aka bari a buɗe mako biyu ya isa ya yaye zuriya guda.

A nan zan ɗan saɓa wa wasu 'yan uwa. Duk shekara aikin gayyarmu ba ya wuce yashe kwata, mu ɗauki hoto mu sa a shafi mu ce mun yaƙi maleriya. Yashe kwata aiki ne mai kyau, yana hana ambaliya da wari, kada a fasa. Amma sauron da ya fi yawa a baƙin ruwan kwata galibi wani nau'i ne daban, mai kuka a kunne da hana barci, ba shi ne ke ɗauke da maleriya ba. Mai kashe mana yara yana can a ruwan da muke ganin mai tsabta ne, yana kuma cizo ne cikin dare ba tare da hayaniya ba. Mun daɗe muna jifan gefen da ba nan tsuntsun yake ba.

Kada kuma a ce ba mu iya irin wannan bibiya ba. Mun yi ta a kan shan-inna. Masu unguwanni da dagatai sun riƙa rubuta jariran da aka haifa, ma'aikata sun bi gida-gida suna rubutu da alli a bango, ana shafa wa yaro tawada a yatsa, duk yaron da ƙafarsa ta saki a kai rahoto nan take. Da haka aka kai ga shaidar da aka ba nahiyar Afirka a watan Agustan 2020. Kafin nan an yi a kan kurkunu, wadda Najeriya ta samu shaidar rabuwa da ita a 2013. Na san maleriya ta fi su wuya, domin sauro ba ya tsayawa a shafa masa tawada. Amma mutanen da suka yi wancan aikin suna nan da ransu a unguwanninmu, sun san kowane lungu.

To me nake so mu yi? Na farko, mu nemi a riƙa liƙa lissafin wata-wata a bangon kowane asibitin gunduma: mutum nawa suka zo da zazzabi, nawa aka gwada, nawa gwaji ya tabbatar, kwana nawa aka yi babu kayan gwaji ko magani. Alƙaluman suna nan a rajista, ba sabon aiki ba ne, kuma ba sirrin kowa ba ne tunda babu suna a ciki. Kowace gunduma tana da kwamitin ci gaba da ke zama da shugaban asibiti. Mu tura wakilinmu ya zauna a ciki, ya kawo mana lambobin mu sa a wannan shafi kusa da sanarwar ɗaurin aure da ta'aziyya. Ranar da mutanen Herwagana suka ga nasu ya ninka na Jekadafari, za su tambayi dalili, kuma tambayar ce ake buƙata.

Sai masu kemis. Ba na cikin masu zaginsu. Su ne ke buɗe da ƙarfe goma na dare, su ne ke ba da bashi, kuma da yawansu 'yan uwanmu ne, wasu ma mambobin wannan ƙungiya. Tunda wurinsu jama'a ke fara zuwa, a jawo su ciki. Mu zauna da ƙungiyarsu da jami'an lafiya na ƙaramar hukuma a kan abu biyu: a koya musu gwajin gaggawa su riƙa yi kafin su sayar da maganin maleriya, sannan kowanne ya ajiye ɗan littafi yana jan layi, ya miƙa jimla ƙarshen wata. Yaron da ke jijjiga, ko ya kasa shan nono, ko yake amai ba tsayawa, ko idonsa ya yi fari, wannan ba na kemis ba ne, a tura shi asibiti a lokacin.

Na san abin da za a ce: mutumin da ke neman na garin tuwo, ina ya ga kuɗin gwaji a kan na magani? Magana ce mai nauyi. Amma maƙwabcina da na ba ku labari, abin da ya kashe a kemis biyu da kuɗin keke da na jini ya ninka kuɗin gwaji sau da yawa, ban da kwanakin da bai fita kasuwa ba. Kuma Gombe na cikin jihohin da Asusun Duniya na yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da maleriya yake tallafa wa, don haka bisa tsari akwai kayan gwaji da magani da ake turowa asibitocin gwamnati domin talaka. Idan sun yanke, liƙa lissafin nan ne zai nuna mana a wane wata suka yanke, mu san ƙofar da za mu ƙwanƙwasa. Wasu kuma za su ce wannan duk aikin gwamnati ne. Haka ne, feshi da sayen magani da biyan ma'aikata nata ne, kuma sai mun riƙe lamba a hannu za mu iya tuhumarta da hujja. Amma murfin duron gidanka ba gwamna ne zai zo ya rufe maka ba.

Akwai abin da ake kawo mana har ƙofar gida muna wasa da shi. Maganin rigakafin damina da ake ba yara daga wata 3 zuwa wata 59, sau ɗaya a wata a tsawon damina, na kwana uku ne. Ma'aikaciya tana ba da na ranar farko a gabanta, ta bar wa uwa na rana ta biyu da ta uku. A gidaje da yawa waɗannan biyun a kan taga suke ƙarewa, ko a ajiye wai sai yaro ya yi zazzabi. A takarda an rubuta yaron ya samu kariya, a jikinsa kuwa ba ta cika ba. Iyaye mata na wannan ƙungiya za su iya raba layuka a tsakaninsu, su leƙa maƙwabta a rana ta biyu da ta uku. Haka masu juna biyu, akwai maganin kariya da ake ba su a wurin awo daga wata na huɗu, aƙalla sau uku kafin haihuwa. Gidan sauro kuma, wanda muke gani an kewaye lambu da shi ko an ɗaure kaya a bayan mota, ba sai na tsaya a kansa ba.

Dalili na ƙarshe da ya sa lissafi ya zama dole shi ne rabo. A watan Disamban 2024 Najeriya ta fara ba yara allurar rigakafin maleriya mai suna R21, aka fara da Kebbi da Bayelsa. Sau huɗu ake yi, a wata na 5 da na 6 da na 7, sannan a wata na 15. Ba kuri'a aka jefa aka zaɓi Kebbi ba, alƙalumanta ne suka yi mata magana. Ga shi kuma tun farkon 2025 Amurka ta rage tallafin lafiya da take ba ƙasashe irin namu. Idan tuwo ya yi kaɗan, wanda aka san da yunwarsa ake fara zuba wa. Unguwar da marasa lafiyarta duk a kemis da tsakar gida suke ƙarewa, a takarda lafiyarta ƙalau.

A taronmu na wata mai zuwa zan gabatar da shawarar mu fara da gunduma ɗaya tak na tsawon damina ɗaya. Matasa biyar su zagaya bayan kowane ruwan sama su rubuta inda ruwa ke kwanciya da wuraren ginin da aka bar ramin ruwa a buɗe, mu kai wa mai unguwa da jami'in tsabtar muhalli. Mutum ɗaya ya karɓo lissafin asibiti, mutum ɗaya ya bi masu kemis. Kuɗin da ake buƙata bai wuce na littattafan rubutu da ɗan man babur ba, littattafan kuma ni zan saya. Wanda yake ma'aikacin lafiya ne a cikinmu, ina roƙonsa ya zo ya gyara mana inda na yi kuskure, ya kuma nuna mana yadda tsutsar sauron maleriya take kwanciya a saman ruwa don mu iya bambanta ta da sauran. Ni dai jiya da na leƙa duron bayan ɗakin girkinmu na ga abin da ya sa na zubar da ruwan duka, yau da safe na je wurin mai walda ya auna mini murfi.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.